Kwalbar da Baba Bai Wanke Ba

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayata Rakiya, amma duk lokacin da hadari ya taso daga Naraguta, sai in ji kamar tana cewa in rufe taga.

Mahaifinmu wankin kuza ya yi har ya tsufa. Ita kuwa ta karanci kimiyyar sinadarai, ta ɗauki tantalam, ƙarfen da ke ɓoye a baƙin yashin da Baba ke wankewa, ta gasa shi da sinadarin aidin cikin siririyar kwalba da aka liƙe bakinta da wuta. Abin da ya fito baƙi ne wuluk, yana ɗan ƙyalli. Kwalba biyu ta kawo gida, ta ja mana kunne cewa abin ba ya shiri da danshi ko kaɗan. Nakan tsokane ta, in ce ta yi ɗa mai gudun wanka a garin da ruwan sama ba ya hutawa.

Bayan sadakar arba'in ɗinta, kewa ta ishi Baba. Shi bai san wata hanyar gane abu ba sai ya wanke shi. Ya fasa kwalba ɗaya a ƙwaryar ruwa, yana juyawa yadda ya saba. Wari ya tashi, baƙin ya ɓace, sai farin gari a gindin ƙwarya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Na wanke aikin yarinyar nan." Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Ɗayar tana wurina, nannaɗe da ɗankwalinta. Idan na bi ta Tina Junction na ga masu gyaran waya, nakan yi tunanin me za ta ce yau, da tantalam ɗinta ya shiga cikin wayar da ke aljihun kowa. Ina jin dariya za ta yi.

Bana 'yarta Ummi ta shiga jami'a, ta zo ta ce a ba ta kwalbar. Kwalbar nan kaɗai ta rage mana daga hannun Rakiya. Duk da haka na miƙa mata. Ta ɗaga ta sama, ta karkata kai sak uwarta.

"Kawu, kwantar da hankalinka, ba zan buɗe ba," in ji ta. "So nake in koyi yin ta biyun, in mayar wa Kaka a madadin wadda ya wanke."