Hawainiyar Baturen Daji

Har yau ban manta da ranar da Baturen daji ya miƙo mini wani akwatin katako mai ragar waya a Tudun Wada ba. A shekarun alif ɗari tara da hamsin ne, ina ƙaramin malamin daji. Aikinmu shi ne zagaya gandun daji ta wajen Doguwa, mu duba iyaka, mu hana saran itace ba izini. A lokacin, sabon ma'aikaci sai ya yi zaman gwaji, sannan Bature ya sa hannu a takardarsa a tabbatar da shi. Ni saura wata uku in gama nawa.

Na leƙa akwatin, sai ga hawainiya a kan reshe tana juyo mini ido ɗaya.

Bature ya ce, "Malam Isa, zan tafi hutu wata biyu. Ka riƙe mini ita a gida. Wanda ya iya da wannan, ya iya da daji."

Na ce, "To, ranka ya daɗe." In ce me? Malam Sule, babban malaminmu, ya kau da kai yana danne dariya. Da Bature ya tafi ya ce, "Isa, in ta mutu, takardarka ta mutu."

Na ɗaura akwatin a bayan keke na kai gida. Matata Rabi na gani ta ja da baya. Mu duka mun tashi da jin cewa hawainiya abar tsoro ce, ba a taɓa ta. Ta ce, "Malam, wallahi ba zan kwana ɗaki ɗaya da wannan abar ba." Dole na ajiye akwatin a gindin zogale a tsakar gida.

Abinci bai ba ni wahala ba. Kullum in na dawo daga zagaye sai in tsaya kamun fara, har mutanen unguwa suka sa mini suna makiyayin hawainiya. Ruwa kuwa na zuba mata a kasko, yadda ake yi wa kaji.

Bazara ce, zafi ya yi tsanani. Bayan kwana goma ta daina cin farar. Korenta ya dushe, idanunta suka faɗa ciki, ƙafarta da ƙyar take riƙe reshe. Na canza kasko, na kawo ruwan wata rijiya, duk a banza. Gaskiya na tsorata, kuma ba don takardar kaɗai ba. Na soma jin tausayinta.

Wata safiya ina gyara sarƙar keke, Rabi tana yayyafa ruwa a tsakar gida kafin shara. Sai na ji ta ce, "Malam! Zo ka ga abarka!"

Ashe yayyafin ya ratsa ragar ya sauka a kan ganyen da ke ciki. Hawainiyar ta lallaɓo tana lasar ɗigon ɗaya bayan ɗaya. Rabi ta riƙe haɓa ta ce, "Kai da kake malamin daji! Wa ya taɓa aje mata kasko a kan bishiya? Ai raɓa take sha."

Kunya ta kama ni, daɗi kuma ya fi kunyar yawa. Daga ranar, safe da yamma ake yayyafa wa ganyen ruwa. Kuma Rabi ce ta karɓe aikin, wai ni hannuna ya yi nauyi. Cikin mako guda hawainiya ta koma kore shar, tana harbo harshe tana cafke fara.

Da Bature ya dawo ya ɗaga akwatin ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ta fi yadda na bar ta. Yaya ka yi?" Na gaya masa komai, har da kaskon, har da wadda ta gano. Ya yi dariya, ya jawo takardata ya sa hannu a gaban Malam Sule.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, abin da na koya ke nan. Kafin ka kula da abu, itace ne ko dabba ko mutanen ƙauyen da ke bakin gandu, fara duba yadda yake rayuwa a wurinsa. Kada kuma ka raina wanda ba shi da kaki.

Ranar da na koma gida da keke ba akwati, Rabi ba ta tambaye ni takarda ba. Cewa ta yi, "Ka dai gaya masa kada ya sa mata kasko ko?"