Fuskar Baba Lamidi Sau Talatin da Ɗaya

Wata safiyar Litinin cikin watan Disamba na buɗe ɗakin injin buga takardu na kwalejinmu a Ibadan, na kunna fitila, sai na ga fuskarka, Baba, jere a bango sau talatin da ɗaya. Kowace takarda da Inna lillahi a samanta, da sunanka, Alhaji Lamidi Oladosu, da ranar haihuwa. Gurbin ranar rasuwa ne kawai fari fat. Ban san lokacin da makullai suka faɗi daga hannuna ba. Sai na ji tarinka a bayana.

"Sikiru, matsa mini hanya. Ko ka ga fatalwa ne?"

Sati tara ke nan. Ranar Juma'a, sha huɗu ga Fabrairu, bayan an sauko daga masallaci, Allah Ya karɓi abinSa. Kafin magariba mun kai ka.

Ashe jarrabawa ce ka ba 'yan ajin ƙarshe: kowa ya tsara sanarwar rasuwa a kwamfuta, tunda ita ce aikin da mai buga takardu ba ya rasawa a garin nan. Ba ɗalibin da ya yarda ya kawo hoton wani nasa mai rai, sai ka zaro naka daga aljihu. Da ka gaya mini haka a safiyar, na ce, "Baba, wannan ba wasa ba ne." Ka ce, "Wa ya ce maka wasa nake?"

Da ɗalibai suka shigo ka bi bangon da sandarka. Talatin daga cikinsu sun goge tsagar kumatunka da kwamfuta, sun mai da fatarka sumul kamar ƙwai. Ka tsaya gaban ɗaya.

"Wannan kyakkyawan wane ne? Ƙanin matata?"

Aka yi dariya, kai ba ka yi ba. Ka ce askar kakanka ce ta yi layukan nan, kuma duk wanda ya san ka da su ya san ka. Morenike kaɗai, yarinyar da ke zama kusa da taga, ta bar su yadda suke. Nata ka cire, ka sa hannu a gefe, ka sa aka yi farantin bugu, ka miƙa mini a gaban kowa.

"Ajiye. Ranar da za a cike gurbin nan, wannan za ka buga, ba wani ba. Kada hannunka ya yi rawa."

Tun daga ranar ba na iya duban kabad ɗin da na kulle farantin a ciki. Na lura tuwon amalar da ake kawo maka ya fara komawa gida rabi. Na lura kana dafa injin kafin ka miƙe. Ban tambaya ba, kai ma ba ka faɗa ba.

Shekara tara ina jan injin nan. A aji huɗu na bar firamare, dakon takarda nake a unguwar Mokola ka tsince ni, don ka ji na ce wa wani mai shago jar tawadar da ya buga ta yi ruwa. Kai ka koya mini haɗa tawada, kai ka yanke hannun rigata da almakashi ranar farko don kada injin ya ja ni. Masu neman difloma ka sa suna layi a gabana da bugun gwajinsu. Da wani ya yi tsaki, ka ce, "Kai kana da biro, shi yana da ido. Koma layi." Da mahaifiyata ta kwanta, motarka ce ta kai ta asibiti, kai kana tuƙi, ni ina baya ina riƙe da kanta.

Yau kwana biyar. Ranar Juma'a za a yi fida'u, addu'ar kwana takwas, gobe dole a buga sanarwar. Babban ɗanka, Buroda Mukaila kamar yadda muke kiransa, ya zo daga Legas da nasa tsarin: zinariya a gefe, fuska sumul, ba tsaga ko ɗaya. Na nuna masa farantin. Ya daɗe yana dubansa, sannan ya dube ni.

"Wato tun yana da rai kuka buga masa mutuwa? Kai ka ja injin?"

"Buroda, shi ya sa ni."

"Wa ya ji? Kawo shaida daga gidanmu, ba 'yan makaranta ba."

Tun jiya mutanen unguwa na sauke murya idan na wuce. Ban ji haushin Buroda Mukaila ba, ciwon rashin uba ne. Amma injin da ka koya mini ba zai fitar da fuskar da ba taka ba ta hannuna, ko da aikin zai bar ni.

Allah Ya jiƙanka, Baba. Allah Ya yalwata maka kabari, Ya haskaka shi, Ya sa ilimin da ka bari a hannun ɗaruruwa ya riƙa iske ka. Ina miƙa ta'aziyya ga Buroda Mukaila da ƙannensa, da malamai da ɗaliban sashenmu, da uwargidanka Alhaja Sidikatu. Allah Ya ba mu haƙuri.

An nemi shaida. Morenike tana nan, ɗalibai talatin suna nan. Daga gida kuma akwai mutum ɗaya. A waccan safiyar ta Litinin Baba ya manta maganinsa, aka biyo shi da shi. Mai kawowar ta tsaya a bakin ƙofa, ta ga bangon, ta ji abin da ya ce mini, ta ajiye ƙullin a kan benci ta juya ba sallama. Na gan ki, Alhaja. Ban gaya wa kowa ba sai yau.