Ya Gani a Hoto, Bai Gaya Mini Ba

Salamu alaikum. Na daɗe ban ce uffan a nan ba. Masu tambaya ko na koma Arewa, ina nan Agege, jinya na yi.

Da fitsari abin ya fara. Ina rumfata ta fatu a kwata sai ya matse ni, in na je kuma ɗigo-ɗigo. A motar haya ta danfo har roƙon direba nake ya tsaya. 'Yata Rabi ce ta ja ni asibiti.

Gwajin jini, hoto, sannan aka tsinko ɗan nama. Kansa ce, wato ciwon daji, a wata ƙwaya da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, furostet suke ce mata.

Na tambayi likitan, "In an yanka, shi ke nan?" Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Baba, duka za mu cire."

Aka yi aiki. Na dawo gida da robar fitsari, na yanka rago, na shaida wa 'yan masallacinmu na warke.

Da muka koma, wata likita muka tarar. Ta karanta sakamakon naman da aka cire, ta ce ciwon ya kai har inda wuƙa ta bi, wataƙila an bar saura. Ta ɗauko hoton da aka yi kafin aiki ta ce, "Ai tun nan ya nuna ciwon ya taɓa gefe. Ba a gaya maka ba?"

Ba a gaya mini ba.

Wallahi ba sauran ne ya ƙona mini rai ba, likita ba Allah ba ne. Amma likitan farko ya gani ya yi shiru! Jikin waye? Da ya faɗa, da na shirya zuciyata, da na je na ji ta bakin wani. Rabi ta fashe da kuka a bakin ƙofa tana cewa, "Baba, don ba ka jin Turanci ne?"

Gwajin jini ya nuna ciwon ya sake tasowa, aka tura ni gashi, wato ƙona ciwon da na'ura. Kullum layi, kullum zawo da kasala, jarina ya tafi.

Yanzu gwaji na fitowa lafiya, alhamdulillahi. Rabi, Allah ya yi miki albarka. Likitar da ta gaya mini gaskiya da 'yan kwata da suka riƙe mini rumfa, na gode.

Maza, kada ku ɓoye matsalar fitsari. Kafin ka sa hannu a yanka ka, tambayi likita: ciwon ya kai gefe? In an bar saura, sai me? In ya ƙi ɗago kai ya amsa, ɗauki hularka ka tashi.