Wayar da Ta Ƙi Maganar Hannu

Jikata ta fari, 'yar babban ɗana, tana da shekara huɗu sanƙarau ya kama ta. Allah ya tashi kafaɗunta, amma tun daga nan ba ta ƙara ji ba. Da farko tana ɗan furta kalmomin da ta riga ta sani, sai suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya har ta yi shiru. Gida ɗaya muke zaune a Goron Dutse, ɗakin iyayenta na kallon nawa, kuma su duka biyun suna fita aiki, saboda haka a hannuna take wuni. Ƙawata nake ce mata, irin wasan kaka da jika.

Na yi shekaru ina koyar da 'yan firamare kafin in yi ritaya, ban san iyakar yaran da na koya wa karatu ba. Amma ga yarinya a tsakar gidana, abin da na iya ce mata bai wuce zo, ci, bari ba, su ma da yafito da harara.

Da ta kai shida aka sa ta makarantar kurame. Cikin 'yan watanni ta canja, hannuwanta ba sa hutawa. Wata rana ta shigo da gudu, ko jaka ba ta ajiye ba, ta tsaya gabana tana ta yi mini wata alama tana murmushi. Na ɗauka yunwa ce, na zubo mata shinkafa da wake. Ta girgiza kai ta sake yi. Na kawo ruwa. Ta sake yi a hankali, kamar mai lallashi, sannan ta sauke hannu ta shige ɗaki. Sai da yamma uwarta ta ga takarda a jakarta: ashe shugabar aji aka naɗa ta, ni ta fara zuwa ta gaya wa.

Abin ya tsaya mini a rai. Na sa ɗana ya duba mini shagon manhajoji da ke cikin wayata, ko akwai wadda ke koyar da maganar kurame. Akwai su da yawa, sai dai duk na ƙasashen waje ne. Na yi wa ƙawata wasu alamomin da na kwaikwaya, ta gane kaɗan, sauran ta bi ni da kallo kawai. Babu tuwo a ciki, babu alwala, babu adaidaita, babu sannu da aiki.

Ran Litinin na saka hijabi na bi ta makaranta. Malamar ajinsu ita ma kurma ce, doguwa mai fara'a, don haka da biro da takarda muka yi hira. Na rubuta mata damuwata. Ta karanta, ta rubuta a ƙasa: "Hajiya, kawo wayarki."

Ta haɗa wayata da tata, ta turo mini wata manhaja. Ina ƙoƙarin buɗewa sai wani gargaɗi ya fito, wai ba a san inda wannan abu ya fito ba, zai iya cutar da wayar. Na ɗago na dube ta. Ta yi dariya ta rubuta: "Ni da maigidana muka yi ta. Shi yana ji, kuma ya karanci kwamfuta. Ki danna kin yarda." Na danna.

Ita ce a ciki, tsaye gaban wani shuɗin zane da aka rataya a bango. Ka taɓa kalma da Hausa, sai ta fito ta yi alamar sau biyu, na biyun a hankali. Akwai alamomin makaranta, akwai kuma maganar hannu irin wadda kuramen Kano ke yi a kasuwa da majalisa tun kafin a haife ta. Manhajar ba ta cin data. Kullum in na idar da walaha sai in zauna a kan tabarma in koyi kalma biyar. Yatsuna sun sandare da shekaru, ƙawata kuwa ba ta ɗaga mini ƙafa. In na yi kuskure sai ta faɗi da dariya, ta kama hannuna ta lanƙwasa shi yadda ya kamata. Ranar da na tambaye ta me aka koya musu, ta ba ni amsa, na kuma gane amsar, sai da na shiga ɗaki na share hawaye.

Haka muka yi kusan shekara, har wayar ta tsufa. Fuskarta ta tsage, batirin ya kumbura, caji ba ya kai azahar. 'Yata da ke aure a Turai ta ji labari, ta aiko mini da sabuwa, irin mai tsadar nan, fara sol. Na yi murna, na sa mata albarka. Amma da ɗana ya zo kwashe mini kayan tsohuwar zuwa sabuwar, komai ya wuce ban da manhajar malama. Ya gwada ya gwada, ya ce, "Umma, wannan ta fi ƙarfina. Ki kai wa mai gyara."

Akwai wani dattijon mai gyaran waya wajen Ƙofar Dawanau, da can rediyo yake gyarawa. Na kai masa duka biyun. Ya saurare ni har na gama, ya ajiye tabarau.

Ya ce, "Hajiya, wayarki lafiyarta ƙalau. Wannan da waccan ba jinsi ɗaya ba ne. Kuma ko mai manhajar ya sake gina ta daidai da sabuwar, ba za ta shiga ba sai ta shagon kamfanin da ya ƙera wayar. Hanya ɗaya suka bari."

Na ce, "Malam, wayar tawa ce ko tasu?"

Ya yi murmushi. "Taki ce. Ai a can inda 'yarki take, hukuma ta yi doka, ta tilasta wa manyan kamfanonin su bar mutane su ɗauko manhaja daga wasu wurare."

"To ai daga can aka aiko ta."

"Dokar ba ta biyo ta ba. Wayar tana duba inda kike zaune ne."

Ganin raina ya ɓaci, sai ya ce kada in ɗauka rufewar ba ta da dalili. Ya ba ni labarin wata mata da aka turo wa wani abu da sunan katin ɗaurin aure, ta buɗe, ashe manhajar ɓarayi ce, ta riƙa karanta saƙonnin bankinta har aka yi mata ɓarna. Ya ce irin waɗannan suna zuwa masa a kai a kai. Na tausaya mata ƙwarai, don da ni aka turo wa, da na buɗe. Amma na ce masa ita ba ta san wanda ya turo mata ba, ni kuwa na san malamar ido da ido, na san ajinta, na ba ta amanar jikata ma balle waya.

Na koma makaranta na tarar da maigidan malamar ya zo ɗaukarta. Mutum ne mai sanyin magana. Ya ce ya taɓa neman sa manhajar a shagon kamfanin sabuwar wayar. Ana son rajista da kuɗin waje duk shekara, da katin bankin da zai iya biya, da kwamfuta irin ta kamfanin, ga takardu da Turanci. Shi kuwa kyauta ya yi abin, a ranakun hutu, saboda matarsa da iyaye irina. Ya ce ya ma ji ana cewa masu yin irin tsohuwar wayata su ma za su fara tsaurarawa. Yana magana yana fassara wa matarsa da hannu, na ga fara'arta ta ragu.

A taron iyaye na gaba na tashi na yi bayani. Muka yarda a rubuta wa hukumar da ke kula da harkar sadarwa takarda, kuma da yake ni tsohuwar malama ce, aka ɗora mini rubutun. Ban nemi a cire gargaɗi ba. Na ce a gargaɗe mu, a hukunta masu cuta, amma a bar babban mutum ya zaɓi abin da zai sa a wayar da ya mallaka, kada ƙaramin mai fasaha na cikin gari ya rasa hanyar kai wa maƙwabcinsa abin da ya yi. Iyaye suka sa hannu, wasu suka dangwala. Har yau ba mu sami amsa ba.

Tsohuwar wayar dai na mayar wa dattijon, ya sa mata sabon batiri, ya canja fuskar. Na yi ta jin nauyin gaya wa 'yata, kada ta ga kamar na raina kyautarta. Da na gaya mata sai ta ce, "Umma, da na sani ai da irin waccan na saya miki." Na ce kowacce da aikinta.

Yanzu biyu nake riƙewa, maƙwabta na tsokanata wai na zama 'yar kasuwa. Da tsohuwar nake karatu. Sabuwar kuwa hotonta garau yake, da ita muke kiran 'yata ta bidiyo ran Juma'a bayan la'asar. Ƙawata ta jingine ta da kwanon sha, ta ja baya don hannuwanta su fito, ta yi ta zuba wa gwaggonta labari, ni ina gefe ina fassarawa. Makon jiya ta yi wata alama da ban sani ba, na ce ta sake. Ta sake, ban gane ba. Sai ta miƙa hannu ta ɗauko tsohuwar wayar daga cinyata, ta nemo kalmar da kanta, ta nuna mini. Keke take so gwaggonta ta aiko mata.