Farantin da Na Bari Ya Wuce

Ni dai ɗanyen kifi bai taɓa shiga bakina ba, kuma ba na jin zai shiga. A Maradi aka haife ni, inda ko busasshen kifi sai mun sake dafa shi ya yi lugub kafin hankalinmu ya kwanta. To, irin wannan matar ce 'yarta ta fari ta ajiye karatun nas, saura shekara ɗaya ta gama, ta koma yanka ɗanyen kifi a wani gidan abincin Japanawa da ke jikin tashar jirgin ƙasa, nan Greensboro ta Amurka.

Ina cikin tuƙa tuwo ta gaya mini. Na ce ta maimaita. Ta maimaita da Turanci, don yaran nan in magana ta yi nauyi Hausa guduwa take ta bar su. Na ce, "Shekara nawa na yi ina juya tsofaffin Turawa a kan gado, ina wanke su, don ke ki zama mai kifi?" Ta ce sunan abin sushi, kuma sana'a ce da ake shekaru ana koyo. Na ce a kasuwar garinmu ma akwai masu yanka kifi, ba wanda ya je lakwal, wato makarantar boko, kafin ya iya. Na ƙara da wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Ina da zuciya, duk wanda ya zauna da ni a gidajen hayarmu na Gate City Boulevard ya sani, in ta tashi ba na jin kira. A satin ta kwashe kayanta ta koma wajen ƙawarta. Wata bakwai ba mu yi magana ba, sai barka da Juma'a da take turowa a waya, ni kuma in rubuta "amin" in kife wayar.

Ina da maƙwabciya, Hajiya, mutuniyar Damagaram. Ta girme ni, kuma ita kaɗai ke gaya mini gaskiya in yi shiru. Wata rana ta zo ta roƙi yajina, wai za ta yi tsaraba. Yajin nan ni nake daka shi da ƙuli-ƙuli da citta da kimba, ko a cikin dubu zan gane launinsa. Na cika mata kwalba. Bayan sati biyu ta ce in kai ta tasha, za ta je ganin jikokinta a Raleigh. Muka isa saura awa guda jirgi ya zo. Na ce, "Hajiya, wannan sammako haka, ke za ki share musu tashar?"

Sai da na kashe mota ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Yarinyar nan ran Lahadi za ta tashi. Ta sami wajen ƙarin koyo can ƙarshen ƙasar, bakin teku. Yau ce ranarta ta ƙarshe a nan. Abu ɗaya ta roƙe ni, in kawo ki ki ci abincin hannunta ko sau ɗaya ne."

Ban san za ta tafi ba. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Au, haɗa baki kuka yi ke nan." Hajiya ta ja akwatinta ta yi gaba. Na bi ta.

Wurin ba shi da girma. Dogon kanta ne ya yi zobe, da kujeru masu tsawon ƙafa, matafiya sun jeru kowa da jakarsa a gindinsa. A saman kantar akwai wani siririn bel mai tafiya da kansa, irin na ɗaukar kaya a filin jirgin sama, sai dai ƙarami. Ƙananan farantai ne a kansa, kowanne da murfin roba, suna bin juna a hankali. Wanda ya yi maka ka miƙa hannu ka ɗauka. Ba mai kawo maka, ba mai ce maka bismilla. A tsakiyar zoben, bayan gilashi, masu yankan suke tsaye. Can na hango 'yar tawa, da farar riga da safar hannu, ta ɗaure kallabinta tam a ƙarƙashin hula. Ta rame. Wuƙar hannunta kuwa tafiya take kamar ba ita ce yarinyar da nake faɗa da ita a kan yankan albasa ba.

Ta ɗago ta gan ni. Ta ɗan sunkuyar da kai ta ce, "Mama, sannu da zuwa," da Hausa. Na ce "Yauwa" ina kallon bango. 'Yar fari ce, a al'adarmu ko sunanta ba na kira, balle in tsaya ina washe mata baki a gaban mutane.

Ba mu daɗe da zama ba na ga ta ɗora wani faranti a kan bel ɗin da hannu biyu. Ya taho, ya sha kwana, ya iso gabana. Curin shinkafa uku ne, kowanne da yankan kifi a sama, kuma gasasshe ne, har gefensa ya yi ja. An barbaɗa masa yaji. Nawa. A jikin murfin an manna 'yar takarda, an rubuta "Mama" da irin rubutunta mai kwanciya.

Wallahi na ji abin har cikin ƙirjina. Amma a daidai lokacin wata magana ta taso mini. Ni za a turo wa abinci a kan inji, kamar kajin gidan gona? Ni da ban taɓa miƙa wa uwata ko ruwa a tsaye ba? Tun tana shekara shida na koya mata ta kawo da hannu biyu, ta durƙusa, ta ajiye. Ga ta can, taku huɗu tsakaninmu. In sulhu take nema, ta zagayo ta kawo. Na naɗe hannuwana a cikin hijabi, farantin ya wuce.

Hajiya ta ce, "Ke, naki ne fa." Na ce na gani. Da ya sake zagayowa ta miƙa hannu za ta ɗauko mini, na ce, "Hajiya, in kin taɓa shi tashi zan yi." Ta janye hannunta tana salati ƙasa-ƙasa. Wata tsohuwar Baturiya da ke gefena ta nuna takardar tana murmushi, ta tambaye ni ko ni ce Maman. Na yi kamar ba na jin Turanci, ni da nake wuni ina yinsa a wajen aiki.

A zagaye na uku na so in ɗauka. Allah ya sani na so. Sai dai yanzu duk kantar ta gane abin da ake ciki, kowa ya bar farantin yana wucewa, kowa yana satar kallona. Da a karon farko na ɗauka, da ba komai. Yanzu kuwa in na miƙa hannu, an ga na sauko ke nan. Ku ji irin lissafin da uwa take yi a kan abincin 'yarta.

Da ya zo na huɗu yarinyar ta ajiye wuƙa. Ta matso jikin gilashin ta ce, "Mama, zai huce."

Na ce, "Ƙafafunki karyewa suka yi?"

Ta dubi manajansu, ta dubi takardun oda da suka taru a gabanta, ta dube ni. Ta koma wurinta. Farantin ya sake wucewa ta gabana, yajin ya jiƙe ya yi duhu. Da ya isa wajenta ta ɗauke shi. Ta ɓare takardar ta sa a aljihu, ta buɗe murfin, ta juye abincin a kwandon shara da ke ƙarƙashin kanta. Ta canza safar hannu ta ɗauki wuƙarta.

A bakin jirgi Hajiya ta wanke ni tas. Ta ce mai riƙe da wuƙa ba ya barin wurinsa sai aikinsa ya tashi, doka ce. Abin da ya daɗe yana zagaye kuma dole a zubar, ko ma'aikaci ba ya ci. Ta ce sati biyu yarinyar ta yi tana roƙon manaja ya bar ta ta shigo da yajin waje, kuma ta gasa kifin ne don ta san ba zan taɓa ɗanye ba. "A wurin nan bel ɗin shi ne hannunta. Da hannu biyu ta ɗora, ina kallo, ke ma kina kallo. Kai, ke dai Allah ya shirye ki." Ta shige jirgi ko sallama ba ta yi mini ba.

Na koma na tsaya a jikin tagar gidan abincin. Jirgin ya sauke mutane, wurin ya cika, kanta a sunkuye tana ta yanka. Abin da ya rage mini kawai in tura ƙofa in ce ta sake gasa wani. Na tsaya har ƙafata ta gaji, sannan na tafi na shiga mota. Wannan tafiyar ita ce ta fi ci mini rai, don a lokacin na riga na san ni ce ba ni da gaskiya.

Shekara uku ke nan. Mun shirya, in za a kira shi shiri. Tana kira duk Lahadi, tana zuwa da Sallah, an ce har tana koya wa wasu aikin. Amma ba ta girki a gidana, ko ruwan shayi ba ta ɗorawa. Sallar da ta wuce na daure, na sayo kifi mai kyau, na ce, "Ko za ki gasa mana irin naki ɗin nan?" Ta yi murmushi ta ce, "Mama, hutu na zo." Ta tashi ta zubo mini tuwon da ni na tuƙa, ta kawo da hannu biyu, ta durƙusa har ƙasa ta ajiye. Ba ta tashi ba sai da na ce ta tashi. Na sa hannu na ci girkina, tana zaune a gefe tana jiran ta ɗauke kwanon.