Esau Tillery, Mai Ɗanɗana Ƙasan Kogi

Shekara arba'in Esau Tillery ya yi yana saukowa bakin ruwa a garin Wilmington na Amurka kowace safiya, igiya a kafaɗa, gwangwanin kitse a aljihu. Aikinsa shigo da jirage ta kogin Cape Fear. Yakan cusa kitse a gindin dalmar awon zurfi, ya jefa, ya jawo, ya duba abin da ya manne. In ido bai gamsar da shi ba, sai ya kai baki. Matarsa Dorcas takan ce a banza take wahalar miya, mijinta laka ya fi yabawa. A watan nan ya ajiye igiya, kuma ban ji wanda ya ce masa sannu ba. Abin ya yi mini ciwo.

A Fabrairun 1865, yaƙin basasar Amurka ya zo gangara, sojojin Arewa suka karɓe garin. Na Kudu sun ƙone auduga sun fice, suka bar mu da yunwa da kogi cike da nakiya. Jirgin fulawa yana tsaye can wajen bakin teku, an rasa mai shigo da shi, yara kuwa yunwa ta fara kwantar da su. Esau bawa ne lokacin da aka dasa nakiyoyin, shi aka sa ya tuƙa kwalekwalen masu dashen. Doka ta hana bawa karatu, don haka itatuwan gaɓa ne taswirarsa: inda wannan ya rufe wancan, nan nakiya take.

Da ƙafarsa ya je wurin kyaftin ɗin jirgin.

"Kai ka dasa su?" in ji kyaftin.

"Tuƙi na yi, ranka ya daɗe. Ba a nemi shawarata ba."

"To, ka tsaya a goshin jirgi. In ta tashi, da kai za ta fara."

"Can nake tsayawa dama."

Suka yi ta tafiya lafiya har kwanar da ta fi haɗari. Nan Esau ya ɗaga hannu aka tsaya. Gaɓa fetal, sai kututtura.

"Ina itatuwan naka?"

"Yaranka sun sare sun dafa kofi da su, ranka ya daɗe."

Kyaftin ya ce a juya. Esau ya ce a ba shi wuni guda. Ya tuna ranar dashen, a wurin nakiyoyin baƙar laka mai gishiri ƙugiyar kwalekwale ta fito da ita, hanyar da aka bari ba nakiya kuwa tsakuwa ce. Ya jefa dalma, ya ɗanɗana, ya tofar, ya ce dama. Ya sake jefawa, ya ce hagu kaɗan. Matuƙan da suka gani sun ce awa biyar aka yi a mil ɗaya, leɓensa har jini.

Kai ne ka shigo da abincin gari a kan harshenka, Kawu Esau. Da aka fara rabo, ba wanda ya kira sunanka. Ka wanke baki ka bi layi, can baya. Dorcas ta waiwayo daga gaba ta ce, "Sai yanzu? Ina ka tsaya?" Ka ce, "Aiki ne ya riƙe ni."

Mun gode, Kawu. Masu tasowa a bakin ruwa, ku je ku zauna da shi tun yana iya magana. Duk wanda aka haifa a garin nan bayan wannan shekara, ya tambayi uwarsa abin da ta ci a makon da jirgin ya shigo.