Kofi mai jan farce

Shekara biyu da rabi ban ce uffan a nan ba. Masu turo saƙo kuna tambaya, ku yafe mini, kunya ce ta hana ni amsawa. Yau zan faɗa da bakina: farfaɗiya na yi.

Abin ya samo asali ne daga faɗuwa a babur a hanyar Tsohon Birnin Gwari, muna dawowa daga suna. Kaina ya bugu da dutse, aka ɗinke, na warke, har na manta.

Bayan wata bakwai, ina gaban allo ina koya wa 'yan aji uku lissafi, sai na ji ƙaurin ƙonannen gashi. Ban sake sanin inda nake ba. Na farfaɗo a ƙasa, zanena a jiƙe, aji wayam. Malamai 'yan uwana suna leƙe ta taga, ba wanda ya matso.

Kun san abin da muka taso muna ji: wai duk wanda yawun mai farfaɗiya ya taɓa, ya ɗauka.

Inna, mahaifiyata, ta taso daga Kusasu ta zo jinya. Ita ta ɗauki kofin silba ta ɗiga masa jan farce a gindi, ta ce, "Wannan naki ne ke kaɗai, Rabi." Tana faɗa tana share hawaye. Ita ce kuma ta mayar da 'yata Hanifa ɗakinta, yarinya 'yar shekara biyu. Ba goyo, ba ci a kwano ɗaya. Ina jin kukanta ta bango, ban isa in ɗauke ta ba.

Ban yi gardama ba, don ni ma na yarda da maganar.

Na sha hayaƙi, na sha jiƙe-jiƙe, faɗuwa sai ƙaruwa take. Ƙarshe Baban Hanifa ya sayar da keken ɗinkina da tumakinsa, muka jira ranar da motoci za su ratsa dajin Birnin Gwari da rakiyar sojoji, muka tafi babban asibiti.

Kwana tara muka yi ana layin kati. Aka manna mini wayoyi a kai, aka tura ni cikin injin hoton ƙwaƙwalwa mai ƙara kamar injin niƙa. Na tsorata ƙwarai.

Likitar mace ce, ba ta da gaggawa. Ta ce, "Malama Rabi, a ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyin da ke aika saƙo, akwai kuma masu yi musu hidima, ana ce musu giliya. Su ke gyara wuri bayan saƙo ya wuce, kamar masu kwashe kwanuka bayan biki. A da ba a ɗauke su a bakin komai ba, sai da masu binciken ƙwaƙwalwa suka duƙufa a kansu shekara da shekaru. Inda kika bugu sun yi tabo, aikinsu ya raunana, shi ya sa saƙonni ke cakuɗewa ki faɗi."

Na ce, "Likita, yawuna fa?"

Sai ta ɗauki gorar ruwan da nake sha, ta kurɓa a gabana.

Kukan da na yi a ɗakin nan ban taɓa yin irinsa ba. Wata goma sha huɗu na hana kaina 'yata a banza.

Maganin farko ya yi ta sa ni barci, aka canza. Yau shekara guda da wata biyu ban faɗi ba, na koma aji. Alhamdulillahi. Na gode wa likitar, da Baban Hanifa da bai taɓa ƙyamata ba, da masu binciken da ban san ko sunansu ba. Inna ta roƙe ni gafara, na yafe, don so ne ya sa ta.

Don Allah, in kun ga mutum ya faɗi, kar ku gudu. Ku janye shi daga wuta ko ruwa, ku juya shi gefe, kar ku cusa masa cokali a baki. In abin ya wuce minti biyar, a garzaya asibiti. Mai shan magani kar ya daina don ya ji sauƙi. Kuma yawu ba ya yaɗa farfaɗiya, ku gaya wa iyayenku.

Na kankare jan farcen nan tas tun ranar da muka dawo. Jiya na sha ruwa na miƙa wa Hanifa sauran. Ta duba gindin kofin, ta mayar da hannuwanta baya, ta ce, "Umma, ai wannan naki ne."

Ku sa mu a addu'a. Har yau ba ta sha ba.